Sauya faifan ajiya a tsohuwar kwamfuta

Faifan ajiya shi ne ɓangaren kwamfuta da ke riƙe da manhajoji da fayiloli ko da an kashe ta. A cikinsa akwai faya-fayai masu maganaɗisu da ke juyawa, galibi sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu mai karanta bayanai a kansu. Da yake kullum cikin motsi yake, yana daga cikin sassan da suka fi saurin lalacewa.

Alamomi

Faifan da ya kusa mutuwa yakan yi ƙara ƙwas-ƙwas, fayiloli su ƙi buɗuwa, ko kwamfutar ta ƙi tashi gaba ɗaya. Idan har yana ɗan aiki, abu na farko shi ne a kwafe hotuna da takardu zuwa wani wuri, domin sabon faifai fanko yake zuwa. Yawan kunna mai ƙara kuwa ƙara masa rauni yake yi.

Zaɓen sabon faifai

A nan aka fi yin kuskure. Kwamfutocin da aka ƙera kafin 2003 yawanci suna amfani da mahaɗin IDE, mai faffaɗar waya da ƙafafu 40. Na bayansu suna da SATA, mai siririyar waya. Ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya sai da adafta. Girma ma ya bambanta: inci 3.5 na kwamfutar tebur, inci 2.5 na laftof.

Akwai kuma iyakar da ba a ganinta da ido. Tsohon BIOS sau da yawa ba ya gane abin da ya wuce gigabait 137, Windows XP ma sai da sabuntawar SP1 ta iya tsallake wannan iyaka. Faifan da aka tsara da MBR kuma ba ya wuce kimanin terabait 2. Saboda haka sayen mafi girma a kasuwa na iya zama asarar kuɗi. Idan akwai SATA, SSD ya fi dacewa: ba shi da sassa masu motsi, kuma yana sa tsohuwar na'ura sauri sosai.

Yadda ake sauyawa

Ana cire wayar wuta, a taɓa ƙarfen akwatin don sauke cajin lantarkin da ke jiki, sannan a zare wayoyi biyu, ta bayanai da ta wuta, a kwance sukurori. Faifan IDE yana da ɗan maƙalli a bayansa da ke nuna ko shi ne na farko ko na biyu a kan waya. In aka sa shi ba daidai ba, kwamfutar na iya ƙin ganin faifan, har a zaci sabon ma matacce ne.

Bayan an ɗaura, ana duba BIOS a tabbatar ya bayyana, sannan a saka babbar manhaja daga CD ko filashi. Tsohon faifan kuma ba a jefar da shi haka nan, domin masu gyara kan iya ciro bayanai daga cikinsa, haka ma duk wanda ya tsince shi.