Makanikin Matacin da Ke Wanke Kansa

Masana'antar da ke aiki dare da rana ba ta da sukunin kashe inji don a kwance mataci a wanke. Kamfanin sukari, masana'antar ƙarfe da tashar wutar lantarki duk da ruwa suke sanyaya injunansu, ruwan kogi ko na dam kuwa ba ya zuwa shi kaɗai. Yashi, laka, gansakuka da tsatsar bututu suna biye da shi. Mai koko idan rariyarta ta cika da dusa sai ta dakata ta kakkaɓe, amma a masana'anta tsayawar awa ɗaya asara ce mai yawa. Wannan ne ya sa aka ƙera matacin da ke wanke kansa ruwa na ci gaba da gudana, ya kuma haifar da sana'ar masu kula da shi.

Aikin na'urar abin sha'awa ne. Ruwa na shiga cikin wani gangan ƙarfe, ya ratsa rariya mai siffar bututu wadda aka saƙa da ƙarfen da ba ya tsatsa, dattin ya maƙale a bangonta na ciki. Akwai geji a mashiga, akwai wani a mafita. Idan datti ya taru har bambancin matsin ruwa tsakaninsu ya kai kamar rabin ba (bar, ma'aunin matsi), sai bawul ɗin zubar da datti ya buɗe da kansa. Nan take wani sanda mai ƙananan bakuna zai soma juyawa dab da rariyar yana zuƙe dattin wuri bayan wuri. Galibi ba a cika minti ɗaya ba an gama, ruwan da aka zubar kuma ɗan kaɗan ne.

To ina aikin mutum a nan? Gwanin wannan sana'a da lissafi yake fara ranarsa: sau nawa na'urar ta yi wanki tun jiya? Idan ta saba yi duk bayan awa biyu, yau kuma ga ta tana yi duk minti goma, ya san ruwa ba ya tsami banza. Ko dai ruwan farko na damina ya kwaso laka, ko farar ƙasa ta daskare a idon rariya, ko kuma matsin famfo ya yi ƙasa har zuƙar ba ta da ƙarfi, domin yawancin irin waɗannan na'urori suna bukatar matsin da ya kai ba 2 kafin wankin ya fita. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne ya tarar ba ta yi wanki ba sam. Sau da yawa hakan na nufin rariyar ta yage datti na wucewa abinsa, ko siririn tiyon da ke kai matsi ga geji ya toshe.

Ranar da za a buɗe na'urar, sai ya rufe bawul na gaba da na baya, ya kashe wuta, ya sauke matsin gaba ɗaya kafin sifana ta taɓa noti, don murfin da ke riƙe da ruwa mai matsi yana iya hallaka mutum. Ya zaro rariyar ya ɗaga ta wajen haske yana neman huda ko wurin da ya dushe. Ya shafa bakunan zuƙa da yatsa ya ji ko sun cinye, ya sauya robobin da ke hana yoyo, ya jiƙa rariyar a ruwan asid marar ƙarfi idan ta yi ɓawo.

Ƙwarewa ta gaske tana wajen zaɓen idon rariya. Da maikiron ake auna shi, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kaurin gashin mutum kuwa kamar maikiron 70 ne. Gonar da ke ban ruwa ta hanyar ɗigo takan yi amfani da mai maikiron 100 zuwa 130. Idan ido ya yi ƙanƙanta, na'urar ba ta da aiki sai wanki. Idan ya yi faɗi, datti ya isa inda ake gudu. Makaniki mai amana kuma zai gaya wa mai kamfani gaskiya cewa rariya ba ta kashe ƙwayoyin cuta, ba ta cire gishirin da ya narke, saboda haka ruwan sha sai an bi shi da kulorin ko wani matakin.

Kasuwar sana'ar ta kai har teku. A 1988 an gano wata ƙaramar halittar ruwa mai ɓawo da zane a manyan tafkunan Arewacin Amurka, wadda ta iso cikin ruwan da jiragen ruwa ke ɗauka don daidaita nauyi, ta yi ta toshe bututan tashoshin ruwa da na lantarki. A 2004 Hukumar Sufurin Teku ta Duniya ta amince da yarjejeniyar tsabtace wannan ruwa, wadda ta fara aiki a Satumban 2017. Yau jirage da yawa suna ɗauke da matatai masu maikiron 40 zuwa 50, daga kamfanoni irin su Boll & Kirch na Jamus.

Wanda zai shiga sana'ar yana bukatar sanin aikin famfo, ɗan ilimin lantarki, karanta geji, da haƙurin rubuta abin da ya gani kullum. Ban ruwa na ɗigo da kamfanonin ruwan roba suna ƙaruwa a ƙasar Hausa, kuma na'ura mai tsada takan zama kwantai saboda roba ɗaya da aka rasa mai sauyawa. Ya kamata kwalejojin fasaha su sa wannan darasi a manhajarsu, masu kamfanoni kuma su riƙa haɗa yaransu da injiniyan da ya zo girka na'ura tun ranar farko, don a koyi aikin kafin ya tafi.