Bargunan Gee's Bend da Suka Hau Bango

A ƙarshen shekarar 2002, masu zuwa kallon zane-zanen zamani a gidan baje koli na Whitney da ke birnin New York sun tarar da barguna masu yawa rataye a bango. Ba na kanti ba ne. Matan wani ƙauye ne a jihar Alabama ta Amurka suka ɗinka su da hannu, da ƙyallayen tsofaffin wanduna da riguna da buhuna.

Irin wannan bargo hawa uku ne: fuskar da aka harhaɗa da ƙyallaye, auduga a tsakiya, sai yadin baya, a bi su da allura a haɗe su wuri ɗaya. Wanda ya taɓa duba lifidin doki a hawan Sallah ya san dabarar.

Ƙauyen, Gee's Bend, kogin Alabama ne ya kewaye shi ta gefe uku. Mazaunansa jikokin bayi ne, da yawansu har yau suna amsa sunan Pettway, sunan Baturen da ya mallaki gonar wurin a 1845. A 1962, lokacin da suka fara tsallaka kogi zuwa garin Camden don yin rajistar zaɓe, sai aka dakatar da jirgin fito. Tafiyar 'yan mintuna ta koma doguwar kewaye. Sai a 2006 jirgin ya dawo.

Abin da ya girgiza masu kallo shi ne ƙirar. An saba ganin bargon faci-faci an auna kowane ƙyalle, kusurwa ta haɗu da kusurwa cif-cif. Matan nan kuwa sukan yaga yadi da hannu, su bar layi ya karkace, su jefa jan ƙyalle guda a tsakiyar shuɗi don haka ransu ya so. A wasu bargunan ana ganin gwiwar wando da ta koɗe saboda durƙuso a gonar auduga, kusa da ita kuma ga tabon shuɗi mai duhu inda aka farke aljihu. Missouri Pettway ta ɗinka nata a 1942 da kayan aikin mijinta Nathaniel bayan rasuwarsa.

Mai sharhin jaridar New York Times, Michael Kimmelman, ya sanya bargunan cikin mafi ban mamaki na ayyukan fasahar zamani da Amurka ta fitar, har ya ambaci masu zanen Turai Matisse da Klee. Yabo ne, amma da ɗan ƙura a ciki: matan ba su kwaikwayi kowane mai zanen Turai ba. Iyaye da kakanni suka koya musu, kuma sanyin hunturu a gidajen katako ne ya sa suka sa zare a allura.

Baje kolin, wanda ya faro daga Houston, ya zagaya biranen Amurka, masu ɗinkin da suka je kallonsa kuma suka riƙa komawa gida da sabon ido. Aka fara ajiye yadi mai furanni ana ɗaukar mai launi ɗaya, ana barin fili fetal a bargo, ana yanka ba awo. Ƙungiyar Modern Quilt Guild da aka kafa a Los Angeles a 2009 na lissafa wannan baje koli cikin abubuwan da suka share mata hanya.

A 2006 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunan barguna goma a kan sarki. A 2018 kuma, da mai zane Amy Sherald ta zana Michelle Obama, ta ce ƙirar doguwar rigar da ke jikinta ta tuna mata da aikin matan Gee's Bend.