Awon Jinin Huhu da Hoton Zuciya

Ya ku malamai da fatake na Gwiwa da Roni da Kazaure da Babura, ga bayani a kan wata cuta wadda ake ɗora wa huhu laifinta, alhali kuwa asalinta a zuciya yake.

Ku sani zuciya ɗaki huɗu gare ta, biyu a dama, biyu a hagu. Sashen dama shi ke tura jini zuwa huhu ya sha iska, na hagu ya karɓe shi ya raba wa jiki. In na hagu ya raunana, sai jini ya taru a bayansa, kamar yadda ruwan lambu kan koma baya in an toshe bakin magudana. Sa'an nan jijiyoyin huhu su cika, ruwa ya tsattsafo cikin huhun. Mai wannan hali yakan yi haki ko da ya yi 'yar tafiya kaɗan, ba ya iya kwanciya rigingine sai an tokare shi da matasai, ƙafafunsa kuma su kumbura. Sau da yawa akan ce fuka ce ko sanyi, a yi ta sayen maganin tari har lokaci ya ƙure.

Abin da ke raba gardama shi ne na'urar hoton zuciya, wadda likitoci ke kira eko. Inge Edler da Hellmuth Hertz suka fara aiki da ita a garin Lund na ƙasar Suwidin cikin 1953. Akan ɗora kanta a ƙirji, ta aika da sautin da kunne ba ya ji, sautin ya komo kamar amsa-kuwwa a duwatsun Kazaure, ta mai da shi hoto. Ba yanka, ba allura. Tana kuma auna saurin jini, bisa ƙa'idar da Christian Doppler ya bayyana cikin 1842. Misalinta ƙahon mota a hanyar Kano zuwa Daura: in tana tahowa muryarsa siririya ce, in ta wuce sai ta yi kauri.

Ga yadda lissafin yake, kuma ba zai gagari mai ciniki ba. Tsakanin ɗakunan dama akwai ƙyaure, wanda a mafi yawan mutane jini kaɗan kan zurare ta cikinsa ya koma baya. Gwargwadon cikar jijiyoyin huhu, gwargwadon ƙarfin wannan zurara. Likita ya auna saurinta, mita nawa a daƙiƙa, ya buga adadin da kansa, ya riɓa sau 4. In sauri 3 ne, amsa 36 ke nan, sa'an nan ya ƙara matsin da ya ƙiyasta a ɗakin sama. In sauri ya haura 2.8 akwai zato, in ya wuce 3.4 zato ya yi ƙarfi. Yock da Popp suka tabbatar da wannan hanya a Amurka cikin 1984. Amma ƙiyasi ne. In ana son yaƙini sai an zura siririn bututu ta jijiya har zuciya.

Wannan magana tamu ce. Cikin 2013 Farfesa Kamilu Karaye da abokan aikinsa a Kano suka buga bincike, suka sami matsin jinin huhu ya hau a fiye da rabin waɗanda aka kwantar saboda raunin zuciya. Cikin 2020 kuma suka nuna cewa a Asibitin Murtala na Kano ana samun mace 1 mai raunin zuciya na jego a cikin kowace haihuwa 96. Ban da jego, babban mai jawo cutar a ƙasarmu shi ne hawan jini wanda aka sake.

Amfanin awon kuwa, da shi likita ke sanin yawan maganin fitar da ruwa da zai bayar, da ko sashen dama ya fara gajiya, domin in shi ma ya gaza magani ya yi wuya. Saboda haka, maijego ko dattijon da haki ya hana shi barci, lalle a kai shi Babban Asibitin Kazaure, a tambayi likita ko akwai bukatar hoton zuciya, ko da sai an tura shi Asibitin Malam Aminu Kano. Malami ya faɗa a zaure, falke ya faɗa a rumfa.

Allah ya ba mu lafiya. Wassalam.