Dorugu: Yaron Damagaram da Ya Ba Turawa Hausa

Tun kafin Ingila ta kafa tuta a ƙasar Hausa, matafiyanta sun saba komawa gida da mutanen ƙasashen da suka leƙa. A 1577 Martin Frobisher ya kamo 'yan ƙabilar Inuwit uku daga tsibirin Baffin, namiji da mace da jaririnta, ya sauke su a Bristol. Shekarar ba ta ƙare ba sai da duka ukun suka rasu. A 1772 George Cartwright ya kai wasu biyar Landan daga Labrador, agana ta kashe huɗu. Kusan duk abin da aka sani game da su daga bakin waɗanda suka ɗauke su ya fito.

Mu kuwa namu ya bar magana. Dorugu yaro ne daga ƙasar Damagaram da aka kama bauta, Bature matafiyi Adolf Overweg ya 'yanta shi a Kukawa. Da Overweg ya rasu a 1852, sai Heinrich Barth, Bajamushen da gwamnatin Ingila ta turo, ya ɗauke shi tare da Abbega, Bamargi. A 1853 suka ratsa Dori, suka nufi Tumbutu. A 1855 sai ga su a Landan.

A Ingila ne ɗan mishan James Frederick Schön ya zaunar da yaron, yana faɗa ana rubutawa: kamunsa, rabuwa da iyayensa, ƙetare hamada, tatsuniyoyin gida, har da yadda Turawa ke zaman cin abinci. An kawo shi a kalle shi, shi ma ya ƙare musu kallo. Hausarsa ta yi wa Schön babban amfani a nahawunsa na 1862 da ƙamusunsa na 1876, kuma labarinsa yana cikin Magana Hausa na 1885. Abin da ke min ciwo shi ne sunan Schön ne a bangon littattafan, ɗalibanmu kuma suna haddace shi ba tare da sun san bakin da ya ba shi Hausar ba.

Dorugu ya komo Afirka a 1864, ya yi aikin tafinta. A ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar da Baturen da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawar Kano, a nan kuma ya rasu a 1912.