Hutun Damina A Ƙasar Batsari Da Safana

Daga Wakilinmu

Dogon hutun makarantu a ƙasar nan yakan faɗo ne daga ƙarshen watan Yuli zuwa cikin Satumba, watau tsakiyar damina ke nan, kuma ma'aikatan gwamnati da dama sukan daidaita hutunsu na shekara da wannan lokaci. Turawa a ƙasashensu yanzu ne suke rufe ofis su nufi bakin teku. Mu a nan Arewa ba mu da teku, amma muna da ƙauye, kuma ga mazaunin birnin Katsina, har zuwa 'yan shekarun baya, ƙasar Batsari da Safana da ke yamma, a gefen Dajin Rugu, tana cikin wuraren da rai ya fi kwanciya a cikinsu.

Irin wannan hutu ba ya bukatar masauki na kuɗi. Abin da yake bukata shi ne aboki. Makarantun kwana sun haɗa ɗan birni da ɗan Ruma ko Wagini ko Zakka a ɗaki ɗaya har shekara biyar, suka ci a kwano ɗaya, suka sha horo tare. To, da aka gama aka kama aiki, shi ɗan ƙauyen shi ne mai masauki. Abokai uku ko huɗu su shiga mota a Katsina, tafiyar kamar sa'a guda ta kai su Batsari, ko kuwa su bi ta Dutsin-Ma su faɗa Safana. A share musu shago a ƙofar gida, a shimfiɗa tabarmi, shi ke nan an gama shiri.

Lokacin kansa ya dace. A watan Agusta manomi ya gama noman fari da maimai, girbi kuwa da saura, saboda haka yana da ɗan sararin zama da baƙo. Gero ya fi mutum tsawo, ƙasa ta yi kore shar har gindin duwatsu. Shanu sun ƙoshi da ɗanyar ciyawa, don haka nono ya yi arha, ga man shanu, ga ƙwan zabi da ba ya yalwata sai da damina. Da hantsi a dama fura, da rana a kawo kwaɗon tafasa ko na rama da ƙuli-ƙuli. Wanda ya yi haƙuri har farkon Satumba zai riski tumu, watau sabon gero da ake babbakawa a wuta a murje a tafin hannu, ga kuma ɗanyar gyaɗa dafaffiya. Idan marka ta kama, aka wuni ana yayyafi, ba inda za a je. Sai a zauna a zaure a yi ta tsohuwar hira, ana tuna malamin lissafi da bulalarsa, har barci ya kwashe mutum ba tare da ya duba agogo ba. Ma'aikacin da ya shekara yana gudun kada ya makara sa hannu a rajistar ofis ya san darajar wannan barci.

Sai dai akwai abin da baƙo mai hankali ba ya mantawa. Watan da ƙasa ta fi kyawun gani shi ne watan da rumbu ya fi yin ƙasa, domin hatsin bara ya kusa ƙarewa, na bana bai nuna ba. Mai gida ba zai taɓa faɗa ba, gara ya ci bashi ya yanka kaza. Shi ya sa tsaraba ta zama wajibi: shinkafa, sukari, sabulu, gishiri, da atamfa ga mahaifiyar aboki, wadda kowa a cikinsu yake durƙusawa ya gaishe ta da Inna. A dawowa kuma a cika musu mota da rogo da gyaɗa da 'yan kaji. Ta wannan hanya kuɗin hutu da gwamnati ke biyan ma'aikaci yakan isa gidan manomi, shi ma'aikacin kuma ya koma ofis ya san halin da talaka ke ciki da idonsa, ba a cikin fayil ba.

Wanda ya san tarihi ya san zaman lafiyar da ta ba da damar wannan hutu ba tun fil azal take ba. A ƙarni na 19 wannan yanki bakin daga ne tsakanin masarautar Katsina da Katsinawan da suka kafa Maraɗi, kuma sunan Ɗanwaire, jarumin nan na ƙasar Ruma, har yau yana bakin mutane. Sarautun ma suna nuna nauyin wurin: Hakimin Batsari shi ne Sarkin Ruma, na Safana kuwa Yariman Katsina. A ƙarni na 20 ne daji ya lafa, har aka keɓe gandun kiwo na Ruma da Kukar Jangarai, garin Runka ya yi suna wajen shanu da nono.

Abin da ya fara da satar shanu a Dajin Rugu shi ne ya rikiɗe ya zama satar mutane don neman kuɗin fansa. A watan Fabrairu na 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari. A watan Afrilu na shekarar aka kashe 47 a hare-haren da suka shafi Safana da Ɗanmusa da Dutsin-Ma, sannan a Disamba aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A ƙarshen Agusta na 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe kasuwannin shanu a yankin, a Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana, ba a fara maido su ba sai a Disamba. Ɗan birni da ke zuwa ƙauye don ya huta da ƙarar waya, sai ga shi wata uku yana neman jin muryar abokinsa bai samu ba.

Ma'aikaci shi ne ya fara ɗauke ƙafa, kuma ba za a ce ya yi ragwanci ba. Baƙo mai albashi, mai mota, ba ya ɓoyuwa a ƙauye, ga masu kai rahoto daji, saboda haka kwanansa ɗaya yana iya jawo wa mai masaukinsa abin da ba zai iya ɗauka ba. Da yawa masu gidan ne da kansu suka aika a ce kada a zo. Daga nan tafiya ta juya baya. Mutumin da ya saba share shago don baƙi shi ne ya kwaso iyali ya sauka a gidan abokin nasa a Katsina, ba hutu ya zo ba, gudun hijira. Nan aka ga abotar da ta kai, aka kuma ga wadda iyakarta fura da nono.

Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya kafa rundunar tsaro ta 'yan ƙasa a watan Oktoba na 2023, kuma a 2025 shugabannin jama'a a Batsari da Jibiya da Safana sun yi zaman sulhu da mutanen daji. Ra'ayi ya rabu a kan sulhun, domin an yi irinsa a 2019 bai ɗore ba. Amma manomin da ya koma gonar da ya bari shekaru ba ya raina shi, kuma da wuya mai zama a birni ya ga laifinsa.

Duk da haka shiga kasuwa da rana daban, kwana daban. Mai niyyar zuwa, ya fara tambayar mai masaukinsa, ya kuma bi abin da ya ce ko da bai yi masa daɗi ba. Idan an ce ya zo, ya bar babbar mota a gida, kada ya yi shelar ranar tafiya, ya riƙe gidan sauro domin damina ce. Idan kuwa an ce wuni kawai, to, ya yi sammako, ya gaida Inna, ya sha furarsa, ya kamo hanyar Katsina kafin la'asar ta yi sanyi.