Lissafin Kaurin Iskar Gas a Matakin Daidaito

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin kimiyya kan ɗauka cewa idan aka haɗa sinadarai biyu, za su ci gaba da cuɗanya har sai ɗayansu ya ƙare ƙarƙaf. A tsakanin iskokin gas da aka rufe cikin mazubi guda, sau da yawa al'amarin kan tsaya a tsakiyar hanya. Wannan maƙala za ta nuna yadda ake gano, ta hanyar lissafi, daidai inda zai tsaya. An zaɓi kalmar “kauri” don nufin yawan mol na sinadari a cikin lita guda, bisa la'akari da yadda Bahaushe kan ce kunu ya yi kauri idan gasara ta yi yawa a ruwa kaɗan. Ana rubuta kaurin sinadari ta hanyar sanya alamarsa a baka mai kusurwa, kamar [H₂].

2.0 Daidaito da lambarsa

A shekarun 1890, masanin nan na Jamus, Max Bodenstein, ya riƙa rufe haidirojin da aidin cikin ƙananan kwalabe na gilashi, ya zafafa su, sa'annan ya sanyaya su farat ɗaya ya auna abin da ke ciki. Cuɗanyar ita ce:

H₂ + I₂ ⇌ 2HI

Kibiya mai kai biyu tana nuna cewa yayin da haidirojin da aidin ke haɗuwa su haifi HI, shi ma HI yana wargajewa ya koma ga iyayensa. Idan saurin tafiya da na dawowa suka zo ɗaya, kaurin kowanne sai ya daina canzawa, tamkar kasuwar da masu shiga ƙofarta suka yi daidai da masu fita: ana ta kai da kawo, amma yawan jama'ar da ke ciki yana nan yadda yake. Wannan shi ne daidaito.

Tun a 1864 wasu masana biyu 'yan ƙasar Nowe, Guldberg da Waage, suka aza harsashin dokar da ake aiki da ita a nan. Ga wannan cuɗanya, dokar ta ce:

K = [HI]² ÷ ([H₂] × [I₂])

Lambar 2 da ke gaban HI a cikin cuɗanyar ita ce ta hau sama ta ce a ninka kaurinsa da kansa. Muddin zafi bai canza ba, lambar daidaito K ba ta canzawa, ko da wane adadi aka fara. A digiri 430 na ma'aunin Salshiyos, littattafan koyarwa kan ba da ita a matsayin 54.3.

3.0 Yadda ake lissafin

A ƙaddara an zuba mol 1.00 na haidirojin da mol 1.00 na aidin cikin mazubi mai lita guda a wannan zafi. Ba a san adadin da zai shiga cuɗanya ba, don haka sai a kira shi x. Duk mol guda na haidirojin da ya tafi, yana tafiya da mol guda na aidin, kuma mol biyu na HI ke maye gurbinsu. Saboda haka a matakin daidaito haidirojin zai zama 1.00 − x, aidin ma haka, HI kuwa 2x. Nan ne ɗalibai suka fi yin tuntuɓe, domin sukan rubuta x a maimakon 2x, ko su manta ninkawa, su ga kamar an yi amfani da lambar 2 sau biyu bisa kuskure. Babu kuskure: ta farko ƙidayar abin da aka haifa ce, ta biyu kuwa daga dokar take.

(2x)² ÷ (1.00 − x)² = 54.3

Da yake sama da ƙasa duk lambobi ne da aka ninka da kansu, sai a ɗauki tushen kowane ɓangare. Tushen 54.3 shi ne 7.37, don haka 2x = 7.37(1.00 − x), wato 9.37x = 7.37, x kuwa ya zama 0.787. Ke nan HI ya kai mol 1.57 a lita, haidirojin da aidin kuma kowanne ya rage 0.213. Fiye da kashi ɗaya cikin biyar na aidin bai shiga ba, kuma ko shekara aka bar kwalbar a wannan zafi ba zai ragu daga haka ba.

Wannan misali ya zo da sauƙi ne don an fara da adadi iri ɗaya. Idan aka ninka haidirojin ya zama mol 2.00, aidin yana nan a 1.00, gajeriyar hanyar ta toshe:

4x² = 54.3(2.00 − x)(1.00 − x)

Bayan an warware baka an tattara komai gefe guda, za a sami 50.3x² − 162.9x + 108.6 = 0. Irin wannan lissafi amsa biyu yake bayarwa, a nan 0.939 da 2.30, kuma a fuskar lissafi zalla babu wadda ta fi wata. Sai an waiwayi kwalbar kafin a yanke hukunci. Aidin mol 1.00 kaɗai aka zuba, ba yadda za a yi 2.30 ya fita daga cikinsa, don haka a yar da wannan amsa. Da x = 0.939, HI ya zama 1.88, haidirojin 1.06, aidin 0.061. Yana da kyau kullum a mayar da waɗannan lambobi cikin dokar, a tabbatar sun dawo da abin da ya yi kusa da 54.3.

Abin lura shi ne K ba ta motsa ba, amma aidin da ya shiga cuɗanya ya tashi daga kashi 79 zuwa kashi 94 cikin ɗari. Ƙa'idar da Le Chatelier na Faransa ya bayyana a 1884 ta riga ta faɗi inda daidaito zai karkata idan aka ƙara wani sinadari. Sai dai ita alkibla kawai take nunawa. Nisan tafiyar, lissafi ne ke faɗinsa.

4.0 Inda matsi ya shigo

A cuɗanyar aidin, mol biyu ne suka shiga, biyu suka fito, don haka matse mazubin ba ya sauya rabon. A wajen haɗa amoniya labarin ya bambanta:

N₂ + 3H₂ ⇌ 2NH₃

Mol huɗu na gas sun koma biyu. A nan an fi rubuta dokar da matsin kowace iska a maimakon kaurinta, kuma a digiri 500 lambar daidaiton ƙarama ce ƙwarai, wajen 0.000015 idan aka auna matsi da na iskar sarari. Idan aka haɗa naitirojin kashi ɗaya da haidirojin kashi uku a matsin iskar sarari, lissafin zai nuna amoniya ba za ta wuce kashi 0.12 cikin ɗari ba. Idan aka ninka matsin sau 200, sai ta haura zuwa wajen kashi 17. A kan wannan tazara ce Fritz Haber ya gina gwajinsa na 1909, Carl Bosch kuma ya mayar da shi masana'anta a Oppau a 1913.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya hana a rage zafin, tun da cuɗanyar zafi take fitarwa kuma K tana ƙaruwa idan wuri ya yi sanyi? Amsar ita ce lissafin daidaito bai san lokaci ba. A zafin ɗaki, naitirojin da haidirojin za su zauna tare kusan ba tare da sun taɓa juna ba, duk da girman K. Shi ya sa masana'antu ke aiki a tsakanin digiri 400 zuwa 500 tare da ƙarfe mai gaggauta cuɗanya, wanda ke rage jira amma ba ya ƙara wa K komai. Akan sanyaya iskar a janye amoniya a matsayin ruwa, a mayar da ragowar gas cikin tukunya ta sake zagaye. Da wannan amoniya ake yin takin yuriya, wanda dominsa aka gina masana'antar Onne da ke kusa da Fatakwal wadda ta fara aiki a ƙarshen shekarun 1980, da kuma ta Dangote da aka buɗe a Lekki a 2022.