Hannun Jari da Asusun Bin Ma'auni: Matsalar Suna da Ma'ana a Hausar Kasuwanci

Kalmar "hannun jari" ta daɗe da samun gindin zama a Hausa, musamman tun daga 1988, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa kwamitin sayar da kamfanonin gwamnati a ƙarƙashin shugabancin Dokta Hamza Zayyad. Sai dai a yau ma'aikaci a Minna yakan yi amfani da wannan kalma ɗaya wajen ambaton hanyoyi biyu na zuba kuɗi waɗanda haɗarinsu ya sha bamban. Maƙasudin wannan maƙala shi ne fayyace bambancin, tare da duba sunan da ya dace da hanya ta biyu.

Hanya ta farko ita ce mutum ya zaɓi babban kamfani ɗaya ko biyu ya sayi hannun jarinsu, bisa zaton cewa babba ba ya faɗuwa. Hanya ta biyu kuwa ta dogara ne ga abin da Turawa ke kira indeks, wato lissafin da ke nuna hawa da saukar farashin kamfanoni a dunƙule. Kasuwar hannun jari ta Nijeriya ta fara nata lissafin a 1984 da maki 100. Manajan irin wannan asusu ba ya zaɓe. Yana sayen kamfanonin da ke cikin lissafin ne gwargwadon nauyin kowanne, shi ya sa ladan da yake karɓa bai kai na mai zaɓe ba. John Bogle ne ya buɗe wa jama'a wannan hanya a Amurka a 1976. A 2014 aka sa asusun Vetiva Griffin 30 a kasuwar Legas, mai bin manyan kamfanoni 30, haka kuma asusun Lotus Halal, wanda ke kauce wa bankunan ruwa da kamfanonin giya.

Tarihi ya nuna inda hanyoyin suka rabu. A watan Maris na 2008 lissafin kasuwar ya haura maki 66,000, amma bayan shekara guda ya gangaro zuwa wajen 20,000. Wannan faɗuwa ba ta bar kowa ba. To amma lissafin ya farfaɗo, har ya wuce 100,000 a farkon 2024, ko da yake faɗuwar darajar naira ta cinye kaso mai tsoka na wannan riba. Shi kuwa wanda ya tattara kuɗin sallamarsa ya zuba a Afribank, babu abin da zai jira ya farfaɗo, domin an soke lasisin bankin a watan Agusta na 2011. Kamfani yakan mutu, lissafi kuwa sai ya cire shi ya sa wani a gurbinsa.

Saura batun suna. Kalmar "adashi" ba ta dace ba, domin mai zubin adashi abin da ya zuba shi yake kwasa, ba riba ba asara. Kwatancin da ya fi kusa yana kasuwannin doya na Paiko da Gwada, inda ake sayar da doya ƙwarya-ƙwarya, wato ɗari-ɗari. Mai sayen ƙwarya ya san ba za a rasa ruɓaɓɓiya a ciki ba, amma masu kyau za su rufe asarar. Wannan kwatanci yana da daɗin faɗa a aji, sai dai yana da gurgunta. A ƙwarya kowace doya ɗaya ake ƙirga ta, alhali a lissafin kasuwa ana auna kamfani ne da jimillar darajarsa. Saboda haka kamfanoni ƙalilan, irin su Dangote Cement da MTN Nigeria da Airtel Africa, sukan rinjayi saura, ta yadda in suka yi ƙasa sai su ja asusun gaba ɗaya. Wanda aka ce masa ya sayi "ƙwarya" zai ɗauka an raba masa haɗari daidai wa daida, kuma ba haka abin yake ba.

Don haka "asusun bin ma'auni" ya fi cancanta. "Ma'auni" daga "auna" yake, yana ɗauke da ma'anar nauyi, ba ƙidaya kaɗai ba. "Bi" kuma yana nuna cewa manajan mabiyi ne, duk inda kasuwa ta nufa nan zai nufa, har a shekara irin ta 2008.